Ciyawar Yaya da Makullin Shago

Ni dai tun da nake ban taɓa yi wa mutum ƙyashi a kan kuɗi ba, don ban taɓa zama kusa da su ba balle su ba ni sha'awa. A kan ɗaki na yi ƙyashi. Ɗaki ɗaya tal, ciki ɗaya, a sabon gidanmu na Zango, mai ƙofa tana kallon titi. Irin wanda muke ce wa shago. Ka shiga ba ka bi ta zaure ba, ka fita ba mai ce maka ina zuwa.

Yayanmu ne ya gina gidan. Shi ne babba a ɗakinmu. Ya fara da rakiyar shanu a bayan tirela zuwa Fatakwal, Allah ya buɗa masa har ya zama shi ake yi wa rakiya. To zaman kudu ya shiga jikinsa. Ya ga gidajen masu kuɗin can, tsakar gida kore shar, fulawa ta zagaye katanga, sai ya rantse shi ma haka zai yi wa Baba da Inna. Mu kuwa tsohon gidanmu na ƙasa ne, duk damina sai mun yi yaɓe, ni kuma a zaure nake kwana, ni da babur ɗina da buhunan Baba. In na juya dama in sha ƙamshin fetur, in na juya hagu ɓera ya gaishe ni.

Lokacin ba a daɗe da fara shari'ar Musulunci ba, gari ya yi laƙwas. Mai gidan kallon unguwarmu ya kwashe bencina ya koma sayar da dusa. Karta sai a lungu, kana yi kana waige. Kaset ɗin waƙa ma in za ka saurara sai ka rage murya kamar mai jin sirri. Ni da nake acaɓa, in na ɗauko mace tsofaffin bakin masallaci su raka ni da ido har kwana. To a irin wannan zamani, saurayi mai shagon kansa ai sarki ne. Tun ana aza bulo na zaɓi inda zan sa katifa. Har ƙusar da zan rataya rigata na san inda za ta shiga.

Sai ga ɗan Gwaggo.

Ɗan ƙanwar Baba ne, taubashina ke nan, abokin wasa. Daga Babban Mutum aka kawo shi gidanmu tun muna firamare, bayan rasuwar mahaifinsa. Wata uku na ba shi a haihuwa, kuma ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, don haka a al'ada bawana ne, ina kuma tuna masa kullum safiya. Matsalar ɗaya ce. Ni a aji uku na sakandare muka rabu da makaranta, ba faɗa, kowa dai ya ga ba zai iya da kowa ba. Shi kuwa ya zarce har ya samo takardar karatun noma. Takardar noma fa, jama'a. Kamar gero yana duba takarda kafin ya fito. Amma wannan takardar ce ta sa Yaya ya ba shi tsohuwar wayarsa ta hannu, komai na gini ta bakinsa ake ji.

Kayan gida suka fara isowa a motar wani ɗan Ibo mai sayar da kayan gyaran babur a bakin tasha, mutumin kirki, Hausa a bakinsa ta fi tawa. In zai taho daga kudu Yaya ya haɗa shi da kaya. Kujerun kushin suka zo, manya-manya, hannun kowace an sassaƙa kan zaki ya buɗe baki. Inna ta zo jere ta gan su, ta ja da baya ta ce ita ba za ta zauna dabba tana kallon cinyarta ba. Liman ya leƙo ya ce gida da siffa mala'ikun rahama ba sa shiga. Aka kira kafinta ya zo da zarto, kafin azahar hannayen kujeru duk sun koma dungu. Akwai kuma wani tsuntsun siminti mai dogon wuya da aka ce a tsakar gida ake girke shi don ado. Shi ma guduma ɗaya aka yi wa kansa. Ya tsaya a gindin katanga ba kai, Inna ta ce madalla, an samu wurin shanya matankaɗi.

Amma kayan shago ba wanda ya taɓa. Jan kafet daga bango zuwa bango. Katifa da ledarta. Fanka a sama mai fiffike uku. Labule mai ruwan ƙasa. Rediyo mai cin kaset biyu. Ni na ɗauko katifar nan a ka daga mota, na shimfiɗa ta daidai inda na daɗe da zaɓa, ba wanda ya gaya min.

A zuwa na uku sai motar ta sauke buhuna shida, jiƙe, suna warin fadama. Na kwance ɗaya, na leƙa. Ciyawa. Da saiwarta da ƙasarta.

Na ce wa mai motar, "Maigida, an yi maka musanya a hanya. Wannan na mai akuya ne."

Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, saya aka yi. A wurinmu sai mai kuɗi ke shuka wannan a gida."

Na ce, "A wurinmu kuwa mai kuɗi shi ke biya a cire masa ita."

Ranar da yamma Yaya ya bugo. Ɗan Gwaggo ya buɗe muryar wayar muna tsaye a ƙofar shago, ni da shi. Yaya ya yi bayani dalla-dalla, yadda za a baje taki, a dasa ta tsinke-tsinke, a yi ta ba ta ruwa har ta haɗe ta rufe ƙasa kamar darduma. Sannan ya faɗi maganar da ta hana ni cin tuwo.

"Shagon nan tagarsa ta baya tsakar gida take kallo. Mai kula da ciyawa shi ya kamata ya zauna a ciki. Kai ɗan Gwaggo ka karɓi makulli a wurin magini ka riƙe. In na zo walima na tarar ta kama, ya zama naka."

Na matso bakin wayar na ce, "Yaya, ni fa?"

Ya ce, "Kai ba kana da babur ba? Kai za ka riƙa kawo ruwa."

Haka aka raba gado tun masu shi suna da rai. Bawa ya samu makulli, ubangida ya samu jarka.

Kuma kamar da gayya, ana gama dashe ruwan sama ya ɗauke. Hadari ya haɗu ya yi baƙi, a yi ta murna, iska ta kwashe shi ta yi Nijar da shi. Ni kuwa safe da yamma ina hanyar fanfon burtsatse, jarka huɗu a bayan babur, biyu a gefe. Lokacin da 'yan'uwana 'yan acaɓa ke kwasar fasinjan Kongolam, ni ina layi da 'yan ga-ruwa. Kwana arba'in na yi a haka. In na sauke sai in tarar da ɗan Gwaggo a tsugune, ya ja igiya, yana aske kan ciyawa da almakashi, makullin yana lilo a wuyansa a jikin koren zare. Ba aljihu yake sa shi ba fa. A wuya. Don in gani.

Sai in ce, "Bawa, sannu da wanzanci. In ka gama da ita ga ƙeyata."

Ya ce, "Ranka ya daɗe sarkin jarka, a juye a hankali, kar a tone min saiwa."

"Ubanka ne ya haƙa fanfon?"

"A'a, kawuna ne ya haifi mai ɗebowa."

Gaskiya kuma, abin haushi, ciyawar ta kama. Ta rarrafa ta haɗe, tsakar gida ta yi kore har ido ba ya son ɗaukewa. In ka cire takalmi ka taka, sanyi ya ratsa ka har ƙwaƙwalwa. Maƙwabta suna aiko yara su leƙa. Kowa ya gani sai ya ce kai, yaron nan karatunsa bai faɗi ƙasa banza ba. Ba wanda ya taɓa cewa sannu mai jarka. Wata rana na leƙa tagar shago na gan shi kwance a kan katifar, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana karanta jarida tsohuwa.

Duk wannan bidiri Baba ba ya nan. Tun saukar ruwan farko ya tare a gonarmu ta wajen Babban Mutum, don shi in damina ta kama ba ya kwana a gari sai an gama maimai. Ba ya riƙe waya. An dai aika masa cewa ana gyaran gida, ya ce to Allah ya taimaka. Shi mutum ne da ya yi shekara sittin yana yaƙi da abu ɗaya a duniya, ciyawa. Yana tafiya a hanya ma in ya ga ta fito a gindin katangar wani sai ya sunkuya ya tuge. Fartanyarsa kuwa a kafaɗa take kwana.

An sa walimar tarewa ranar Juma'a. Ranar Alhamis da sassafe Inna ta ce in je in ɗauko Baba. Ɗan Gwaggo kuma ya hau mota ya tafi Daura sayo tiyo, wai yana so Yaya ya tarar da shi yana ban ruwa irin na zamani. Inna tana tsohon gida da mata ana surfe. Sabon gida ba kowa.

Muna shigowa gari Baba ya dafa kafaɗata ya ce, "Bi da ni in ga gidan nan tukuna."

Ya duba zaure ya gyaɗa kai. Ya ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfe ya ce ta yi. Muka zagaya muka shiga tsakar gida, sai ya tsaya cak.

"Inna lillahi. Wannan fa?"



Ya sunkuya ya tsinko ɗaya, ya juya ta, ya duba saiwar. Ya ce, "Ƙiri-ƙiri ce. Wadda in ta shiga gona sai ka shekara uku kana fama. Gida ko tarewa ba a yi ba ta cinye shi haka? Gobe malamai za su shigo, surukai za su shigo, su ce gidan manomi ne wannan? Maciji ma ai ya samu wurin haihuwa. Shi wancan mai takardar me yake yi?"

Ga wurin da ya kamata in buɗe baki. Magana ɗaya ce, ba ta kai numfashi biyu ba. Baba, Yaya ne ya aiko da ita, shuka ta aka yi. Har ta zo min kan harshe. Sai idona ya sauka a kan tagar shago, labulen nan mai ruwan ƙasa yana motsi a hankali. Na haɗiye ta.

Na ce, "Wallahi Baba ni dai ruwa aka ce in riƙa kawowa."

Ka ga ban yi ƙarya ba. Na daɗe ina riƙe da wannan a matsayin hujja.

Baba ya tuɓe babbar riga ya rataya a wuyan tsuntsun siminti. Ya tofa yawu a tafi, ya yi bismilla. Ban taɓa ganin noma mai kyau irin na ranar ba. Ba sama-sama yake yi ba, yana sara yana ɗagowa yana kaɗe ƙasa, don ya san halinta, in ka bar gaɓa ɗaya gobe ta dawo da 'ya'yanta. Da ya iso wurin fulawar da Yaya ya sa aka dasa a gindin katanga na ɗauka har su zai haɗa, sai ya kauce musu. Ya ce, "Waɗannan a layi suke, da gani hannu ne ya sa su. Abin da mutum ya shuka a layi yake fitowa." Ciyawar kuwa ba layi, ta baje ko'ina, don haka a shari'ar Baba ba ta da uba.

Da a ce tsayawa kawai na yi, da da sauƙi. Amma shaiɗan ba ya barin aiki rabi. Na ji bakina yana cewa, "Baba ga can ma bayan randa." Na ce, "Baba ga wata a lungun banɗaki." Na samo buhu, cikin buhunan nan shida da ta zo a ciki, na riƙa kwashewa ina kai wa ragon walima da ke ɗaure a waje. Ragon nan ya ci abin da ko hakimi bai taɓa ba dokinsa ba.

Tun hantsi Baba yake sunkuye har aka kira azahar. Sau biyu yana miƙewa ya dafa ƙugu, ya ce wash, ya koma. Gumi ya jiƙa 'yar shararsa har tana ɗiga. Na kawo masa ruwa a moɗa, daga jarkata.

Yana share ƙasa da bayan fartanya ɗan Gwaggo ya shigo, tiyo a naɗe a kafaɗa, sabo fil, kore. Ya tsaya a bakin zaure. Ya dubi ƙasa, ja wur, ba ko tsinke. Ya dubi Baba. Ya dube ni. Tiyon ya zame ya faɗi.

Baba ya ce, "Yauwa, ga malamin gona. Kai da aka ce ka karanta noma, ciyawa ta kusa shiga ɗaki kana kallo? To na rage maka aiki."

Na zuba ido in ga yadda zai fashe. Sai ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Sannu da aiki, Kawu. Allah ya ƙara lafiya. A yi haƙuri."

Baba ya ce ba komai, yaro ai sai da gyara. Ya saɓa fartanya ya tafi masallaci.

Muka rage mu biyu. Ya ɗauki tiyonsa yana naɗewa, bai dube ni ba, ya ce, "Ka san ta."

"Na san wa?"

"Kwana arba'in kana ba ta ruwa."

Na ce, "Haba bawa, ni da na tsaya a aji uku, ina na san bambancin ciyawar boko da ta gona? Kuma ka taɓa ganin wanda ya riƙe hannun Baba yana noma?"

Bai rama ba. Wannan ne karo na farko tun muna yara da na jefa masa magana bai dawo min da ita ba, kuma sai na ji ba daɗi, kamar ka tura ƙofa da ƙarfi ashe a buɗe take.

Yaya ya iso Juma'a da hantsi, Baba ya tafi aski. Ko ruwa bai sha ba ya wuce tsakar gida yana murmushi, yana cire takalmi tun daga zaure don ya taka abinsa. Ya fito da ƙafa ɗaya a sama. Ya sauke ta a kan ƙasa.

Yaya yana da zuciya, duk gidanmu an sani. Ya juyo ya ce, "Ina ciyawata?"

Ɗan Gwaggo ya sunkuyar da kai ya ce, "Laifina ne, Yaya. Ban kula da ita yadda ya kamata ba."

"Kullum kana ce min ta yi kyau a waya!"

"A yi haƙuri."

"Mutuwa ta yi ko sace ta aka yi?"

"Laifina ne dai."

Ni ina gefe ina duba farcena. Na gane abin da yake yi. In ya ambace ni dole ya ambaci Baba, in kuwa Baba ya ji cewa abin da ɗansa ya sayo tun daga Fatakwal ne ya nome, a ranar walima, gaban mutane, tsohon nan ba zai iya haɗa ido da kowa ba. Na gane sarai. Amma na ci gaba da duba farce.

Yaya ya miƙa hannu. Ɗan Gwaggo ya cire koren zaren daga wuyansa ya ba shi. Yaya ya jefo min ya ce, "Kai ko banza ka ɗebi ruwa."

Jama'a, na shiga shago. Na mayar da ƙofa. Na kwanta a katifar nan ledarta tana ƙara a ƙarƙashina. Ba wuta a gari, fankar ba ta juyawa, amma na rantse sai da na ji iskarta. Na sa ƙafa ɗaya kan ɗaya. Na tashi na buga ƙusata a inda na zaɓa, na rataya riga. Na danna maɓallan rediyo duka biyu, suka yi ƙas ƙas. Sau ɗaya na ɗaga labulen baya, na hango ɗan Gwaggo yana jera tabarmi a kan jar ƙasar, shi kaɗai, na saki labulen da sauri. Da aka tafi masallaci, makullin yana wuyana, a saman riga.

Bayan an sauko Juma'a gida ya cika. Malamai suka yi karatu, aka yi addu'a Allah ya sa gidan zama ne, ya kore shaiɗan daga cikinsa, na ce amin da ƙarfi. Aka fito da waina da miyar taushe da naman ragon nan, wanda duk wanda ya ci sai ya ce kai, wannan da me aka yi kiwonsa. Ana cikin ci wani dattijo, abokin Baba, ya ce tsakar gidan nan ta yi fes, kamar an lashe.

Baba ya ajiye ƙashi ya gyara zama.

"Ai da jiya ka zo da ba ka ce haka ba. Ƙiri-ƙiri ce ta rufe ta ruf, tun daga nan har can. Ni na sa fartanya, tun hantsi har azahar." Ya nuno ni da ɗan yatsa. "Kuma yaron nan da kuke cewa ba ya jin magana, wallahi jiya ya burge ni. Shi ya tsaya a kaina. Duk lungun da ban gani ba shi ke nuna min. Shi ya kwashe ta tas ya kai wa rago."

Liman ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya yi wa yaron nan albarka." Zaure gaba ɗaya ya ce amin. Ban taɓa shan albarka mai ɗaci irin wannan ba. Na saci kallon Yaya. Lomar waina tana hannunsa, ta tsaya a hanya, bai kai baki ba, bai mayar kwano ba. Ya dubi Baba, ya dubi ɗan Gwaggo da ke zuba wa mutane ruwa, sannan ya dube ni. Ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba. Allah ya saka da alheri." Ya cinye lomarsa.

Sai da jama'a suka watse bayan la'asar ya yafito ni. Muka tsaya a gindin katanga, wurin tsuntsun nan marar kai. Na shirya jawabina tsaf, har da rantsuwar cewa ni ruwa kawai aka ce in kawo. Bai ba ni dama ba. Kuma bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

Ya ce, "Ciyawa ciyawa ce, ko gobe sai in aiko da wata. Amma ka tsaya kana kallo tsohon nan ya sunkuya a rana tun hantsi har azahar, a kan ɗaki? Ka mayar da ubanka fartanyarka?"



Ya buɗe tafin hannu. Na cire zaren. Ya maƙale a kunnena, sai da na karkata kai. Tun hantsi zuwa la'asar, iyakar mulkina ke nan.

Ya ce, "Kuma in Baba ya ji daga bakin wani cewa shuka ta aka yi, kai zan nema."

Bai ji ba kuwa. Inna ta sani, liman ya sani, mai motar ya sani, maƙwabta duk sun sani, amma ba wanda ya taɓa gaya masa. Har ya bar duniya yana ba da labarin ranar da ya ceci sabon gida daga ƙiri-ƙiri, kuma duk lokacin da zai bayar sai ya sa sunana a ciki, da yabo. Ni kuma in sunkuyar da kai, mutane su ɗauka kunya ce irin ta ɗa nagari.

Yaya bai sake aiko da ciyawa ba. Inna ta ga ƙasa ta sha taki ta sha ruwa, ta zuba kuɓewa da yakuwa, ta kafa zogale a gefe, duk a layi. Ni aka ba ɗakin da ke jikin nata, wanda in na yi tari sai ta ce sannu, in na dawo bayan isha'i ta ce daga ina. Ruwan kuɓewar ma ni na ci gaba da kawowa.

Washegari da na je ɗauko rigata a shago, na tarar da ɗan Gwaggo a zaune a kan katifa, zaren ya koma wuyansa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a cire takalmi, kafet ne."

Na cire. Na zare rigata daga ƙusa. Ya ce, "Ƙusar kuma na gode, ta zo daidai inda nake so."

Har na kai ƙofa ya ce in zo in ga wani abu. Ya ɗaga labulen baya. A kan dakalin taga, a cikin gwangwanin tumatir, ga 'yar ciyawa tsinke huɗu, ya tsinto su a gindin turken rago.

Na ce, "Bawa, in Baba ya gan ta fa?"

Ya ce, "Ai Kawu ba ya gani sai an nuna masa." Ya saki labulen. "In ka ɗebo na yamma a rage min moɗa ɗaya."

Na rage masa. Ina zubawa ina kallon fankar nan, an kawo wuta tana juyawa a kan kansa, fiffike uku, kuma wallahi ko a lokacin ji nake tawa ce.